Tarihin Jackson Pollock, Mai Zanen da Ya Shimfiɗa Ƙyallensa a Ƙasa

A wannan karon mun ɗauko muku wani Ba'amurke mai suna Jackson Pollock, wanda ya mutu tun 1956. Hoton da muka liƙa a gefen wannan takarda aikinsa ne. Don Allah kada wani ya ɓalle shi da zaton injin fotokwafi ne ya lalace, haka zanen yake. Sai dai na asalin yana da launin ƙasa-ƙasa bayan baƙi da fari, kuma faɗinsa ya haura mita 5, tsayinsa ya haura mita 2 da rabi. Wato ya fi allon ajinmu girma nesa ba kusa ba.

Ranar da Malamin zane ya nuna mana wannan hoto a wayarsa, ajin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Wasu suka ce kaza ce ta taka fenti ta bi ta kan takarda. Wasu suka ce ƙanensu na firamare ma zai yi wanda ya fi shi. Malam bai yi fushi ba. Ya gaya mana cewa akwai masu zane da ba sa kwaikwayon mutum ko itace ko gida, abin da ke can cikin zuciyarsu suke ƙoƙarin fitarwa, har abin da su kansu ba su san yana ciki ba. Wannan magana ce ta tsaya mana a rai, shi ya sa muka bi tarihin mutumin.

An haifi Jackson Pollock ranar 28 ga Janairu, 1912, a wani ƙaramin gari mai suna Cody a jihar Wyoming, yammacin Amurka. Shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar, dukansu maza. Sunan mahaifinsa LeRoy, mahaifiyarsa kuma Stella. Bai cika shekara ɗaya ba iyayensa suka bar garin. Daga nan suka yi ta ƙaura tsakanin jihar Arizona da Kalifoniya, yau suna nan gobe suna can. Mahaifinsa ya gwada noma bai yi nasara ba, har aka yi gwanjon gonar. Daga baya ya kama aikin awon ƙasa da hanyoyi, ya riƙa daɗewa ba ya gida, sai dai ya aiko da kuɗi. Saboda haka uwar ce ta riƙe yaran. Yana ɗan shekara huɗu aka sare masa kan yatsa ɗaya da gatari wajen wasan yara. Yana ɗan shekara 15 ya bi mahaifinsa aikin awo a lokacin hutu, ya zauna cikin manyan leburori, kuma a can ya koyi shan giya. Ku riƙe wannan, domin za ta yi ta dawowa a labarin har ƙarshe.

A makaranta ba ɗalibin da za a yi koyi da shi ba ne. An kore shi daga sakandare fiye da sau ɗaya. Amma akwai kora ɗaya da ta ja hankalinmu mu 'yan kulob ɗin jarida. A makarantarsu ta Manual Arts da ke birnin Los Angeles, shi da abokansa sun raba wata 'yar takarda da ke sukar makarantar, wai ta fifita wasanni a kan ilimi da fasaha. Aka gano su, aka sallame shi. Cikin abokan nan akwai Philip Guston, wanda shi ma ya zama babban mai zane daga baya. Mu dai duk abin da muka rubuta sai Malama mai kula da kulob ta duba kafin a liƙa, don haka hankalinmu kwance yake.

Wani abin mamaki shi ne, a lokacin ba shi ne gwanin zane ba ko a cikin gidansu. Babban yayansu Charles shi ne ake yabo. Jackson hannunsa yana da nauyi, idan ya zana mutum sai ya fito a sandare. Shi da kansa ya rubuta wa yayansa wasiƙa yana kukan cewa zanensa ba kyau, kuma hannunsa ba ya sakewa. Duk da haka ya nace sai ya zama mai zane. A 1930, yana da shekara 18, bai ko kammala sakandare ba, ya bi Charles zuwa birnin New York, ya shiga makarantar koyon zane a ƙarƙashin wani malami mai suna Thomas Hart Benton. Shi Benton manoma da leburori da mutanen karkara yake zanawa, duk wanda ya gani zai gane abin da aka zana. Ya riƙe Jackson kamar ɗansa, yana cin abinci a gidansa. Daga baya Jackson ya bar salon malamin gaba ɗaya, amma yadda Benton ke sa layuka su riƙa lanƙwasa suna zagaye juna bai bar hannunsa ba.

Shekarun nan na wahala ne a Amurka. Tattalin arziki ya karye tun 1929, mutane miliyoyi ba su da aiki. Mahaifinsa ya mutu a 1933. Jackson ya yi aikin shara a wata makarantar yara don ya sami na abinci. Abin da ya cece shi shi ne wani shiri na gwamnati da ke biyan masu zane albashi, kimanin dala 24 a mako, su kuma su riƙa kawo zanen da za a rataye a gine-ginen gwamnati. A 1936 ya shiga wani wurin gwaje-gwaje na wani mai zane ɗan Meksiko, David Alfaro Siqueiros. A can ya ga ana zuba fenti mai ruwa-ruwa, ana fesa shi, ana yayyafa shi, ba lallai sai da buroshi ba. Ya gani, ya ajiye a ransa, sai bayan shekara goma abin ya yi masa amfani.

Ana cikin haka shan giyarsa ya yi tsanani. Idan bai sha ba, mutum ne mai kunya, yana iya zama cikin jama'a awa guda bai ce uffan ba. Idan ya sha kuwa sai faɗa da fashe-fashe, wani lokaci yayansa Sanford ne ke bin titi cikin dare yana nemansa. A 1938 aka kwantar da shi a asibitin masu matsalar ƙwaƙwalwa na wasu watanni. Da ya fito, a 1939, aka haɗa shi da wani matashin likita mai suna Joseph Henderson, wanda ke bin koyarwar wani masani da ake kira Carl Jung.

A nan sai mun tsaya mun yi bayani, domin idan ba a gane wannan ba, ba za a gane zanen ba. Wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Sigmund Freud, ya ce tunanin mutum kashi biyu ne. Akwai wanda muka sani, kamar yanzu da kuke karanta wannan takarda kun san kuna karantawa. Akwai kuma ɓoyayye, wanda ya fi girma, inda tsoro da buri da baƙin cikin da mutum ya danne tun yana yaro suke kwance. Mutum ba ya ganinsu, amma suna juya shi. Sukan leƙo a mafarki, ko a suɓul da baka, kamar ɗalibi ya kira Malama da Mama a gaban aji bai shirya ba. Mu mun kwatanta shi da rijiya. Ana ganin saman ruwan, amma guga da kwano da duk abin da ya taɓa faɗawa suna can ƙasa.

Carl Jung ɗan ƙasar Suwizalan ne. Da farko tare suke da Freud, daga baya suka saɓa suka rabu. Shi Jung ya ce a ƙarƙashin ɓoyayyen tunanin kowane mutum akwai wani kuma da dukan 'yan Adam suka yi tarayya a cikinsa. A ganinsa shi ya sa al'ummun da ba su taɓa haɗuwa ba suke da tatsuniyoyi masu kama da juna, da mai wayo da dodo da tsoho mai hikima. Da muka ji haka sai muka tuna da Gizo, domin mutanen asali na Amurka su ma suna da nasu mai wayon a tatsuniya, sai dai nasu wani irin karen daji ne mai kama da dila. Ba duk masana ne suka yarda da maganar Jung ba, amma Pollock ya ɗauke ta da muhimmanci.

Matsalar da likita Henderson ya samu ita ce, majinyacin nasa ba ya magana. Sai Pollock ya riƙa zuwa da zane-zanen da ya yi a takarda, su zauna su duba tare. A cikinsu akwai kawunan shanu da dawaki da macizai da jinjirin wata da gaɓoɓin mutane, duk a cakuɗe, wani ya shige cikin wani. Likita ya riƙa yi masa bayanin alamomin bisa koyarwar Jung. Sun yi kimanin shekara ɗaya da rabi a haka, sannan Henderson ya bar garin, wata likita mace ta ci gaba da duba shi. Giyar dai bai daina ba. Abin da ya samu a wurin shi ne yarda da cewa abin da ke fitowa daga hannunsa ba tare da shiri ba yana da ma'ana, ba shirme ba ne. Bayan mutuwar Pollock, likitan ya sayar da waɗannan takardu, aka baje su ga jama'a a 1970, matar Pollock ta yi fushi har ta kai ƙara. Mu a namu ganin tana da gaskiya. Abin da majinyaci ya kai wa likita amana ne, ko da kuwa zane ne.

Abubuwa uku suka ƙara tura shi. A 1939 aka kawo babban zanen Pablo Picasso ɗan Sifen mai suna Guernica zuwa New York, zanen da ke nuna bala'in ruwan bama-bamai a kan wani gari. Pollock ya je ya gani ya sake komawa. A 1941 kuma aka yi baje kolin fasahar mutanen asali na Amurka, inda 'yan ƙabilar Navajo suka durƙusa a ƙasa suna zane da yashi mai launi, suna sakinsa ta tsakanin yatsu. A al'adarsu ana yin irin wannan zane ne a bikin neman lafiyar marar lafiya. Na uku, Yaƙin Duniya na Biyu ya koro masu zane da yawa daga Turai zuwa New York, irin su André Masson da Max Ernst da jagoransu André Breton, marubuci ɗan Faransa. Waɗannan mutane sun karanta Freud, kuma suna da wata dabara: mutum ya ɗora alƙalami a takarda ya bar hannunsa ya yi ta tafiya, kada ya shirya abin da zai zana, wai don ɓoyayyen tunani ya sami ƙofar fita. Kowa a cikinmu ya taɓa yin ɗan ƙaramin irin wannan. Ku duba bayan littafinku na lissafi za ku ga ƙananan zagaye da layukan da kuka yi lokacin da hankalinku ya tafi wani wuri.

A ƙarshen 1941 wata mai zane mai suna Lee Krasner ta ga sunansa a jerin waɗanda za a baje aikinsu tare da nata. Ba ta san shi ba, sai ta nemi gidansa ta je ta ga zanensa da idonta. Ta tabbata ba ƙaramin mutum ba ne, ta shiga haɗa shi da manyan masu harkar. A 1943 wata attajira mai ɗakin baje kolin zane, Peggy Guggenheim, ta ɗauke shi tana ba shi dala 150 a wata, ta kuma ba shi aikin wani ƙaton zane mai faɗin kusan mita 6 don zauren gidanta. An daɗe ana ba da labarin cewa a dare ɗaya ya gama shi. Amma da masana suka bincika fentin da na'ura daga baya, sai suka ga wani fentin ya bushe kafin a ɗora wani a kansa, wato aikin ya ɗauki kwanaki da yawa. A watan Nuwamba na shekarar aka yi baje kolin aikinsa shi kaɗai karo na farko.

Zanensa na wannan lokaci har yanzu ana iya hango siffofi a ciki. Akwai wanda ma'anar sunansa ita ce masu gadin asiri. Mutum biyu ne tsaye, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a tsakiyarsu wani abu kamar allo cike da rubutun da ba ya karantuwa, a ƙasa kuma wata dabba kamar kare tana kwance. Duk wanda ya san labarin zuwansa wurin likita zai ga alaƙar.

Ya auri Lee Krasner a watan Oktoba na 1945. Ita ce ta ga cewa muddin suna cikin birni kusa da mashaya, mijinta ba zai yi rai ba. Suka ranci dala 2,000 a wurin Peggy Guggenheim, suka ba da kafin alƙalami na wani tsohon gidan gona a ƙauyen Springs da ke tsibirin Long Island. Gidan ba banɗaki a ciki, ba na'urar ɗumama ɗaki, ga sanyi mai ƙanƙara. A bayan gidan akwai wani tsohon sito na katako, shi Pollock ya mayar wurin aikinsa. Ita kuwa Krasner a wani ƙaramin ɗaki a saman bene take nata zanen.

A cikin wannan sito ne, daga 1947 zuwa 1950, ya yi aikin da duniya ta san shi da shi. Ya daina jingina ƙyallen zane a tsaye. Sai ya warware shi a ƙasa kamar tabarma. Ya bar fentin masu zane mai kauri, ya koma fentin gwangwani irin na shafa ƙofa da taga. Ya riƙe gwangwani a hannu ɗaya, sanda ko busasshen buroshi a ɗayan, ya tsoma ya ɗaga, fenti yana zuba kamar zare, shi kuma yana zagaya ƙyallen ta kowane gefe, wani lokaci har ya taka cikinsa. Sandar ba ta taɓa ƙyallen, a iska yake zanen, fenti ya sauka da kansa. Wani lokaci da sirinji yake tsirto shi. A wani zane na 1947 an sami ƙusoshi da maɓallai da kwabbai da makulli da guntun taba sigari a manne cikin fentin. A wani kuma ya shafa wa tafin hannunsa fenti ya danna a saman ƙyallen. Ya ma daina ba mafi yawansu suna, sai lamba, don kada mai kallo ya tsaya neman doki ko teku a ciki. Wanda muka liƙa muku Lamba 30 ne na shekarar 1950.

Don adalci, ba shi ne farkon wanda ya ɗiga fenti ba. Akwai wata mata haifaffiyar Yukren mai suna Janet Sobel, wadda ta fara zane bayan ta haura shekara 40, ta yi irin wannan kafin shi a ƙananan ƙyallaye, kuma ya ga aikinta. Shi ne dai ya kai abin ga girman bango, ya kuma zauna a kansa shekara da shekaru.

Pollock ya yi bayanin aikinsa a rubuce da kuma a hira. Ya nuna cewa idan ƙyalle yana ƙasa yakan ji kamar shi ma yana cikin zanen, ya kuma ambaci masu zanen yashin nan. Ya ce lokacin da yake tsakiyar aiki ba ya sanin abin da yake yi, sai ya tsaya ya zauna ya kalla tukuna yake ganewa. A ganinsa tunda an ƙirƙiro kyamara, mai zane ba ya buƙatar kwafar abin da ke waje, daga cikinsa ya kamata ya ɗebo. Amma kuma shi ɗin dai ya dage cewa yana sarrafa zubar fentin, babu wani abu da ya faɗo bisa kuskure. A 1950 da mujallar Time ta kira aikinsa hargitsi, sai da ya aika musu da telegiram cikin fushi yana musantawa.

Wannan ya rikita mu. Ta yaya mutum zai ce bai san abin da yake yi ba, kuma ya ce babu kuskure? Sai muka ce bari mu gwada. Ranar Asabar muka samo kwali da ragowar fentin da aka shafa wa tagogin aji, muka sirka da kananzir, muka karyo sanduna, muka shiga bayan ɗakin karatu. Minti goma ba a yi ba launukan suka haɗe suka zama kamar taɓon damina. Idan fentin ya yi kauri sai ya faɗo guda-guda, idan ya yi ruwa sai ya malale. Idan kana son siririn layi sai hannu ya yi sauri, idan ka tsaya ko na ƙiftawar ido ne sai ya taru wuri ɗaya. Ba mu kuma san ana jira wani launi ya sha iska kafin a zuba wani ba. Mutum biyu a cikinmu sun koma gida da fenti a yunifom, sun kuma sha faɗa. Abin da muka fahimta shi ne, abin kamar tuƙa keke ne. Wanda ya iya ba ya tunanin yadda zai taka feda, amma ba ya faɗuwa, domin ya daɗe yana koyo. Pollock ya shekara 17 yana fama da zane kafin ya fara wannan salo. Ko abin da ya zuba a ƙyallen daga ɓoyayyen tunaninsa ya fito, wannan har yanzu muna gardama a kai a kulob. Wasunmu sun ce da suka daɗe suna kallo sun ji kamar suna cikin guguwa ko cikin gonar dawa da iska ke kaɗawa. Wasu sun ce su dai fenti kawai suka gani.

Da farko ba ciniki. An baje irin wannan zane a watan Janairu na 1948, mutane suka zo suka kalla suka tafi. Har ta kai mai kantin ƙauyensu ya karɓi zane ɗaya a madadin bashin kayan abinci. Akwai dai wani mai sharhi, Clement Greenberg, da ya yi ta rubuta cewa babu kamarsa a Amurka. Ranar 8 ga Agusta, 1949, mujallar Life, wadda miliyoyin mutane ke karantawa, ta buga hotonsa tsaye a gaban zanensa, tana tambayar masu karatu ko shi ne mafi girman mai zane da ke raye a ƙasar. Wasu sun yi ta aiko da wasiƙun ba'a, amma daga ranar kowa ya san sunansa.

Akwai masu cewa ai maye ne ya sa yake irin wannan zane. Tarihi bai nuna haka ba. Daga ƙarshen 1948 zuwa ƙarshen 1950, wani likitan unguwarsu mai suna Edwin Heller ya taimaka masa ya daina sha, kuma a cikin waɗannan shekaru biyu ne ya yi manyan zanen da ake ji da su. Lokutan da yake sha sosai, aikin tsayawa yake yi.

Likitan ya mutu a haɗarin mota a 1950. A shekarar ce wani mai ɗaukar hoto, Hans Namuth, ya yi watanni yana zuwa yana ɗaukar Pollock yana aiki, hotuna wajen 500, sannan ya ce sai an yi fim. Ya sa shi ya yi zane a kan gilashi a waje cikin sanyi, shi kuma ya kwanta a ƙarƙashi da kyamara, yana gaya masa inda zai tsaya da lokacin da zai fara. Mutumin da ya saba aiki shi kaɗai daga shi sai zuciyarsa, ga shi yana maimaita motsinsa don kyamara. Ranar da aka gama, cikin watan Nuwamba, ya shiga gida ya cika kofi da giya ya shanye. Daren nan ya kifar da teburin abinci a gaban baƙi. Daga nan bai sake dainawa ba.

A 1951 ya koma zane da baƙin fenti zalla, kuma kawuna da jikin mutane suka sake bayyana a ciki, irin na takardun da yake kai wa likita. Masu saye ba su so ba. Daf da mutuwarsa ya gaya wa wani marubuci cewa duk mai zane daga ɓoyayyen tunani, dole siffofi su riƙa fitowa. A 1952 ya yi wani babban zane da ake kira Blue Poles, wato shuɗɗan turaku, saboda dogayen layuka takwas da suka ratsa shi a karkace. Bayan haka aikin ya yi ta raguwa. A 1955 zane biyu aka sani ya yi. A 1956 bai yi ko ɗaya ba. Yakan shiga sito ya zauna ya fito.

Aurensa ma ya lalace, domin ya fara hulɗa da wata budurwa. Lee Krasner ta tafi Turai a watan Yuli don ta huta. Daren 11 ga Agusta, 1956, ya ɗauki budurwar da wata ƙawarta a motarsa bayan ya sha, ya yi ta gudu, motar ta ƙwace a wata kwana kusa da gidansa ta afka cikin itatuwa. Nan take ya mutu yana da shekara 44. Ƙawar ma ta mutu, ita da ta zo hutun ƙarshen mako kawai, shekararta 25. Littattafai da yawa sukan wuce maganarta da layi ɗaya, mu ba mu so mu wuce ba mu faɗa ba.

Krasner ta dawo ta binne shi a maƙabartar ƙauyen, aka aza wani ƙaton dutse a kan kabarin. Ita ta riƙe zanensa, ta ƙi sayar da su da arha. A 1957 babban gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke New York ya sayi wannan da muka liƙa muku a kan dala 30,000. A 1973 gwamnatin Ostireliya ta sayi Blue Poles a kan dalar ƙasarsu miliyan 1.3, jaridu suka yi ca a kan Firaminista Gough Whitlam, wai an zubar da kuɗin talakawa. Zanen yana birnin Canberra har yau, mutane suna zuwa kallo. A 2006 jaridu sun ba da labarin an sayar da Lamba 5 na 1948 a kan dala miliyan 140. Ita Krasner ta koma aiki a cikin siton, ta yi nata manyan zanen a can. Ta mutu a 1984, aka binne ta kusa da shi, dutsen kabarinta ƙarami ne. Da dukiyar da ta bari aka kafa gidauniyar da ke tallafa wa masu zane marasa ƙarfi a ƙasashen duniya.

Gidan nasu yanzu ya zama wurin ziyara. Tun a 1953 Pollock ya sa aka rufe daɓen siton da wasu allunan katako. Bayan mutuwar matarsa aka ɗaga su, sai ga tsohon daɓen cike da fentin da ya riƙa tsallake gefen ƙyalle, har da sawun ƙafarsa, kuma masana suna iya nuna inda aka shimfiɗa wasu daga cikin zanen. Duk wanda ya je sai ya cire takalminsa, a ba shi wani silifa mai laushi ya saka, sannan a bar shi ya taka.